Yadda Ake Cire Makunnin Tsohuwar Mota Ba Tare Da An Ɓata Sitiyari Ba

Masu tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, Golf 2 da Toyota Corolla ta shekarun 1980 sun san wannan matsala: ko makulli ya ƙi juyawa, ko ya juya mota ta yi shiru, ko ana cikin tafiya ta mutu haka kawai. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke garajen ɗauko guduma su farfasa wurin gaba ɗaya, alhali sau da yawa abu ɗaya ne kacal ya lalace.

Abubuwa uku ne a haɗe a wuyan sitiyari: gidan makulli, da sakatar da ke kulle sitiyari, da suwic na wuta da ke can baya inda wayoyi suka shiga. Idan makulli ne ke cijewa, fara girgiza sitiyari hagu da dama kana murɗa shi a hankali, domin sakata ce kan ɗaure shi. In bai saki ba, gwada makullin ajiya. Idan kuwa yana juyawa sumul amma fitilun gaban direba ba sa kamawa, ko kik ba ya amsawa alhali batir lafiya lau, to suwic ɗin wuta ne abin zargi.

Kafin ka taɓa komai, miƙar da tayoyi, ka cire kan batir na nagatif. Wayar da ke kawo wuta wurin ba ta mutuwa ko an zare makulli, kuma a tsofaffin motoci da yawa ba ta bi ta fiyus. Daga nan ka kwance robar da ta rufe wuyan sitiyari, ka ɗauki hoton wayoyin da wayarka. A motocin Jamus za ka ga lambobi: 30 daga batir take, 15 ta kunna wuta ce, 50 kuma ta kik.

Suwic ɗin wuta ya fi sauƙin fita, domin ƙaramin sukuru ɗaya ko biyu ne ke riƙe shi. Gidan makulli kuwa dabara yake so. A yawancin motocin Japan, juya makulli zuwa ACC, ka nemo ɗan rami a jikin ƙarfen da ke riƙe da gidan makullin, ka danna fil ɗin da ke ciki da siririn ƙarfe, sai ya zaro. A Peugeot akwai ƙaramin sukuru da za ka fara kwancewa kafin ka danna fil. Golf 2 sai an cire sitiyari tukuna, don haka yi alama a kan sandar sitiyari domin ya koma daidai.

Idan dole sai an cire ƙarfen gaba ɗaya, za ka tarar da sukurori marasa kai. Kamfani ne ya yi su haka saboda ɓarayi. Sa tsinin ƙarfe a gefen kowanne, kana bugawa a hankali ta ɓangaren kwancewa har ya saki. Kada ka daddage da duka, domin an ƙera sandar sitiyari ta lotse lokacin haɗari, kuma duka mai ƙarfi na iya lalata ta.

Ina roƙon direbobi su daina haɗa wayoyi da hannu suna tayar da mota. Sakata tana nan daram, tana iya kulle sitiyari kana tsakar kwana, ga kuma haɗarin gobara. Ka rage tarin makullan da ke rataye, nauyinsu ne ke cinye gidan makulli. Motar da ke da jakar iska a sitiyari kuwa, kai ta wurin ƙwararren mai gyaran waya. Bayan kowane gyara, tabbatar sitiyari na juyawa sakayau kafin ka hau titi.