Darasi: Sayen Babban Kwale-kwale da Inji

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 masunta suke kamun kifi a can. Ruwan yana da faɗi. Idan iska ta taso, ƙaramin kwale-kwale yana iya kifewa.

Mai neman babba ya fara duba katako. Ya ƙwanƙwasa, ya nemi wurin yoyo. Sannan ya zaɓi inji daidai da jirgin, domin inji mai nauyi yana danne bayansa, ruwa ya shiga.

Inji iri biyu ne. Akwai wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Ba shi da nauyi, gyaransa da sauƙi, amma yana shan mai. Ɗayan yana tsimin mai, sai dai tsada.

Jarkar ajiye mai kuwa, ana samu a Kasuwar Ƙofar Wambai. A duba murfinta kafin a biya.