Yadda Ake Tsara Gidan Gandu Kafin a Aza Tubali

A ƙauyukan Sarkin Yamma, cikin gundumar Madarunfa, yawancin gidaje ba su taɓa ganin takardar zane ba. Ɗa ya isa aure, a duba inda sarari ya rage a tsakar gida a tayar masa da ɗaki. Ƙanensa ya biyo baya, a gusar da turken awaki a kafa wani. Kafin shekara 15 sai ka tarar ƙofar amarya tana kallon ta surukinta, indararon wannan yana zuba a gindin bangon wancan, makewayi ɗaya ana jiran juna a kansa da asuba. Ranar da mai gida ya kwanta dama aka zo rabon gado, babu yadda za a yanka gidan sai an rushe wa wani ɗaki ko an toshe wa wani hanya.

Iyali a nan yana saurin yaɗuwa. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna macen Nijar takan haifi 'ya'ya 7.6 a tsakaici, jihar Maradi kuma ta ɗara haka. Fili kuwa ba ya ƙaruwa, gonaki sun zagaye ƙauyuka ta ko'ina. Saboda haka mai son 'ya'ya da jikoki su zauna tare da shi, dole ya tsara gidan gaba ɗaya tun farko, ko da ɗaki biyu kawai zai iya ginawa bana. Tsarin kirki shi ne wanda zai ɗauki zaman tare a yau, ya kuma rabu cikin ruwan sanyi in lokacin rabuwa ya zo. Ga yadda ake bi.

Mataki na 1: A ƙidaya mutane da tukwane

A zauna a lissafa waɗanda ke gidan yanzu, sannan waɗanda ake sa ran zuwansu nan da shekara 20: samarin da za su yi aure, wanda ke da niyyar ƙara mata, wanda ya tafi cin-rani Kano ko Legas zai dawo da iyali, tsohuwar da za a ɗauko in ƙarfinta ya ƙare. Kada a manta da 'ya'ya mata don an aurar da su. Wata za ta zo goyon ciki ta yi wanka a gida, wata aure zai mutu ta dawo zawarci da yaranta.

Sai a tambayi abin da ake jin nauyin tambaya: tukunya nawa za a ɗora? A gandu uba da 'ya'yansa suna noma tare, suna ci daga rumbu ɗaya, kowa kuma yana da gayaunarsa. Amma gandu ba ya dawwama, a hankali kowane ɗa yakan ware tukunyarsa. Yawan tukwanen da za a samu nan gaba shi ne yawan sassan da za a shata.

A nemi ra'ayin mata a wannan zama, domin su ke wuni a gidan. Matar ɗa ba za ta buɗe baki gaban surukinta ba, sai a sa uwargida ko wata gwaggo ta ji ta bakinta ta kawo.

Mataki na 2: A tabbatar da filin

Na gado ne, na saye ne, ko na aro? Tun 1993 dokar tsarin karkara ta Nijar ta tanadi hukumomin kula da filaye, waɗanda a yau ake samu a matakin gunduma, da na ƙaramar hukuma, da na ƙauye, inda mai gari ke shugabanta. A je a karɓi takardar shaida, a kira maƙwabta na kusurwa huɗu su tsaya a kafa alamar iyaka a gabansu. In ɗa ne ya aiko da kuɗin sayen filin ko na ginin wani sashe, a rubuta da shaidu cewa kyauta ya yi wa uba ko nasa ne, tun kowa yana raye.

Mataki na 3: A karanci ƙasa da sama

Da damina ake zaɓen wurin gini, da rani ake ginawa. A je filin bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi a ga inda ya kwanta da inda ya bi, a kafa turaku. Birnin Maradi kansa a kwarin gulbi yake da can, sai da ambaliyar 1945 ta cinye shi aka mayar da shi kan tudu, kuma daminar 2024 ta kayar da ɗimbin gidajen ƙasa a jihar. Wanda filinsa ke kusa da fadamar Gulbin Maradi ya ɗora ɗakunan kwana a wuri mafi tudu, ya bar gangaren ga turke da lambu.

Hadari daga gabas yake tasowa, bangon gabas ne ke shan dukan ruwa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa da ƙura. Ranar la'asar kuma bangon yamma take gasawa, ɗakin ya kwana da zafi. Don haka a jera ɗakuna su miƙe daga gabas zuwa yamma, ƙofofi su dubi kudu ko arewa. A kuma sa alamar alƙibla, wadda daga nan take gabas da ɗan karkata arewa, don za a buƙace ta wajen makewayi.

Mataki na 4: A shata hanya kafin ɗakuna

Kayan aikin ba su da yawa: igiya, turaku, abin awon mita, da kwanon toka. Don fitar da kusurwa daidai, magini yakan auna mita 3 a igiya ɗaya, mita 4 a ɗayar, ya yi ta gyarawa har tsakanin bakunan biyu ya zama mita 5 cif. Daga nan a bi igiya ana zuba toka, gidan ya fito a ƙasa kowa ya gani da idonsa.

Mu ɗauki fili mai mita 30 kowane gefe, titi yana kudu. A yanke mita 6 na gaba a bar wa zaure, da ƙofar gida, da ɗakin baƙi, da na samari. Ƙofar zaure ta waje kada ta yi saiti da ta ciki, don mai sallama ya tsaya bai hango tsakar gida ba. Daga bayan zaure a ja hanya mai faɗin mita 2 ta ratsa gidan har bangon arewa, in akwai mafita can a bar ƙofar baya, wadda amalanken jaki zai shigo da dammunan gero ya fita da taki.

Wannan hanya ita ce ƙashin bayan tsarin duka. Ba ta kowa ba ce, ba a gina komi a kanta, ba a ɗaure dabba a cikinta. Ita za ta sa kowane sashe ya isa zaure ba tare da ya ratsa ta ƙofar ɗakin wani ba.

Mataki na 5: A raba sassa

Abin da ya rage ya kasu huɗu, biyu dama biyu hagu, kowanne mita 14 a 12. A tsakiya, inda kusurwoyin huɗu suka haɗu, a ɗan rage wa kowanne a buɗa tsakar gida ta kowa, mai rumfa da itace guda. Nan za a yi sussuka da daka, nan za a shanya zogale da kuɓewa, nan za a yi taron suna.

Kowane sashe zai ɗauki ɗaki uku a jere, kowanne kamar mita 4 a 3 da rabi. Wanda ya ga kayan ɗakin amaryar yanzu, da gado da katifa da kabad da jere, ya san ƙasa da haka matsi ne. Ƙofa kada ta gaza santimita 90, in ba haka ba ranar jere sai an kwance gado ko an fasa bango. A gaban ɗakunan a bar ƙaramar tsakar gida da za a kewaye da zana ko guntuwar katanga, inda mace za ta zauna da ɗaurin ƙirji ba ta fargabar ƙanen miji ya faɗo.

Abu biyu ake lura da su a nan. Na farko kunya: sashen mai gida ya zama na kusa da zaure, a juya ƙofofinsa yadda matar ɗa za ta fita ɗibar ruwa ba ta yi kiciɓis da surukinta sau goma a wuni ba. Na biyu adalci: ɗakunan kishiyoyi su zo daidai a girma, da rufi, da daɓe, haka ma sassan facaloli. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, kuma tazarar taku ɗaya a faɗin ɗaki ta isa a yi shekara ana gori a kanta.

Mataki na 6: Tsofaffi, samari da 'yan mata

Ɗakin kaka ya dubi babbar tsakar gida, inda za ta ga mai shiga da mai fita, jikoki su riƙa leƙa ta, in ta yi tari da dare a ji. A sauke dokin ƙofarsa ƙasa sosai, a bar gangara mai sauƙi a maimakon matakala, a faɗaɗa ƙofar yadda mutum biyu za su riƙo mara lafiya su fito. Makewayinta ya kasance taku kaɗan daga ƙofa, da sandar dafawa a bango da mazauni mai ɗan tudu, saboda gwiwa. A bar wurin shimfiɗa ta biyu a ɗakin don mai jinya. Wannan ɗaki ne kuma zai dace da matar da za ta yi takaba, wata huɗu da kwana goma a gidan mijinta.

Addini ya umarci a raba wa yara makwanci in sun kai shekara 10, aya ta 58 ta Suratun Nur kuma ta koyar da neman izini a lokuta uku na hutun iyaye. Tsarin gida ne ke sa bin wannan ya yi sauƙi. Samari su koma ɗakin ƙofar gida, su da abokansu ba sai sun shiga cikin mata ba. 'Yan mata su samu ɗaki a can ciki, jikin na uwa ko na kaka. A ware ɗaki guda a sashen uwargida don 'yar gida mai jego ko mai zawarci, kafin ta zo a ajiye kaya marasa nauyi a ciki.

Mataki na 7: Madafa, makewayi, rumbu da turke

Ko ana tukunya ɗaya yanzu, a shata wa kowane sashe wurin murhunsa. Madafa ta yi nesa da rumbu da tarin kara da zana, musamman saboda iskar hunturu da ke ɗaukar tartsatsi. Uwargida ta fi magini sanin inda hayaƙi ke bi, a bar ta ta nuna.

Kowane sashe da makewayinsa, ƙofar gida ma da nata don baƙi. Mazaunin ya dubi kudu ko arewa, kada a fuskanci alƙibla ko a ba ta baya. Ramin masai ya nisanci rijiya da kamar mita 30, kuma ya kasance a ƙasanta wajen gangara. In filin bai kai ba, gara a haƙura da rijiyar cikin gida a ɗebo a famfon gari. A bar sarari gefen kowane rami don na biyu in na farko ya cika.

Rumbun gandu a sa shi inda mai gida zai gan shi daga ƙofarsa, na mata kuma kowace a sashenta. Haka turke: jar akuyar Maradi dukiyar mace ce, ba ta yarda a gama mata da ta facala. Dogon yaro a dasa shi nesa da bango, saiwarsa tana tsaga gini.

A ƙarshe a bi ruwan kowane indararo da na kowane wurin wanka a ga inda zai fita. Kada ruwan sashe ɗaya ya ratsa ta wani. Duka su faɗa kwata guda a gefen hanyar tsakiya, ko ramin da aka cika da tsakuwa.

Mataki na 8: A daidaita zane da kayan gini

Rufin ƙasa da azarar giginya yana da sanyi, amma azara ba ta haye faɗin da ya wuce kamar mita 2 sai an yi mata dabarar tallafi ko baka, don haka a tambayi magini tun kafin a tsayar da faɗin ɗaki. Rufin kwano yana ba da faɗi, sai dai zafi, sai an ɗaga bango an bar kafofin iska a sama. Ko da ƙasa za a yi ginin, a zuba harsashi da dutse ko siminti, a ɗaga shi sama da inda ruwa ke kaiwa, a ƙarfafa yaɓen bangon gabas.

In fili ya yi kaɗan, bene mafita ce, kuma ba lalle sai da bulon siminti ba. A Yamai, mai zanen gine-gine Mariam Issoufou da abokan aikinta sun gina rukunin gidaje masu bene da tubalin ƙasa matsattse, aikin da ake kira Niamey 2000. Amma mai niyyar bene ya nemi injiniya tun daga harsashi, tsofaffi kuma su zauna a ƙasa.

Mataki na 9: A gwada rabo, sannan a fara

Kafin a haƙa komi, mai gida ya tara manyan 'ya'yansa su zagaya shatin tokar, kowa ya bi hanyar da zai riƙa bi daga zaure zuwa ɗakinsa, daga ɗaki zuwa makewayi. Sai a yi gwaji na ƙarshe: in yau aka ja katanga tsakanin sassan nan, kowanne yana da hanyar fita, da makewayi, da murhu, da mafitar ruwa? In akwai wanda ya rasa ɗaya, a share toka a sake. Zanen bai maye gurbin rabon shari'a ba, 'ya'ya mata da matan mamaci suna da kasonsu, amma sassa masu cin gashin kansu sun fi sauƙin ƙiyastawa, wanda ya zauna ya biya wanda ya fita.

In an gamsu, a sa ɗan makaranta ya kwafe zanen a takarda da awonsa, a yi kwafi biyu, ɗaya wurin mai gida, ɗaya wurin babban ɗa. A fara da katangar waje da zaure da makewayi, sai ɗakunan da ake buƙata bana. Sassan da ba a kai gare su ba a kafa musu duwatsu a kusurwa, a shuka kuɓewa ko rama a ciki, kada a yarda a tayar da ko rumfar dindindin a wurin har mai shi ya kawo sadaki.