DARASIN KIWO: CIWON RUWAN ZUCIYA DA KASKA KE KAWOWA

Darasinmu na wannan wata a kan kaska ne, da wani ciwo da take sa wa tumaki da awaki da shanu.

Sau da yawa mace ta turke rago, tana ba shi dusa da harawa, tana jiran kasuwar Sallah. Rana ɗaya rago ya ƙi cin abinci. Bayan kwana uku ya faɗi yana shure-shure. Sai a ce iska ce, ko kuwa ya ci guba. In an yanka shi, sai mahauci ya ga ruwa ya taru a jakar zuciya da cikin ƙirji. Ruwan mai kalar ɗorawa-ɗorawa ne. Saboda haka ake kiransa ciwon ruwan zuciya.

Me ke kawo shi?

Wata ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya gani. Kaska ke ɗauko ta daga jinin wata dabba, ta kai wa wata. Tun 1900 masana suka gane haka a Afirka ta Kudu. A shekarun 1970 kuma likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka yi bincike a kan ciwon cikin dabbobin ƙasarmu.

Ba kowace kaska ba ce. Wata babba ce mai dogon baki. Namijinta yana da zane mai kala a baya. Tana maƙale wa hantsa, da maraina, da hammata, da ƙarƙashin wutsiya. Manyanta sun fi yawa da farkon damina, in ciyawa ta fito. Ita ce kuma ke tsananta kirci a jikin shanu.

Dabba ba ta ɗaukar ciwon don ta kwana turke ɗaya da marar lafiya. Kaska ce 'yar aike.

Yadda ciwon ke tafiya

Bayan cizon kaska, dabba takan yi kamar mako biyu lafiya lau. Wani lokaci har ya fi haka. Daga nan ciwon yakan bi mataki uku.

Mataki na ɗaya: zazzaɓi. Jiki ya yi zafi farat ɗaya. Zafin jikin tunkiya mai lafiya wajen 39 ne a ma'auni. Mai wannan ciwo yakan kai 41, ko ya wuce. Dabba ta rage ci, ta daina tuƙa, ta ware gefe guda. Numfashi ya yi sauri.

Mataki na biyu: ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa. Dabba ta riƙa motsa baki kamar tana tauna, alhali ba komai a ciki. Tana fito da harshe. Fatar ido tana rawa. In tana tafiya sai ta ɗaga ƙafa sama, kamar mai tsallake kunya. Wata ta riƙa zagaye wuri guda. Wata ta tsaya ta ware ƙafafu, ko ta jingina kai da bango.

Mataki na uku: dabba ta faɗi a gefe. Tana shure-shure, kai ya lanƙwashe baya. Kumfa na fita ta hanci ko ta baki. A nan mutuwa ta yi kusa.

Daga fara zazzaɓi zuwa mutuwa sau da yawa bai kai mako guda ba. Wata dabbar ma sai dai a wayi gari a tarar ta mutu. Tumaki da awaki sun fi shanunmu na gida saurin faɗuwa. Shanun waje da barbarar su ma ba su jure masa. A kula ƙwarai da dabbar da aka sayo daga nesa.

Me za mu yi?

Maganin yana aiki sosai a mataki na ɗaya. In dabba ta riga ta faɗi, da wuya ta tashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

1. Duba dabbobinka kowace safiya. Wadda ta ƙi ci, taɓa jikinta, ka duba hantsa da ƙarƙashin wutsiya.

2. In da zazzaɓi, nemi malamin dabbobi a ranar. Kada ka jira ranar kasuwa. Allurar da ake yi sunanta oksitetarasaikilin. Malamin ne ya san adadin da ya dace da nauyin dabba.

3. Tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a sha nonon ko a ci naman.

4. Kada ka sa hannu a bakin dabba mai alamun hauka. Ciwon haukan kare ma haka yake kama.

5. Cire kaska a hankali har da bakinta. Jefa ta cikin wuta ko kananzir. Kada ka murje ta da yatsa, don wata kaskar tana sa wa mutum ciwo.

6. Kada ka wanke dabba da maganin feshin auduga ko na wake. Yana kashe dabba, yana cutar da mai wanki. Maganin kaska daban yake.

Tambayoyi

1. A ina kaskar ke maƙalewa a jikin dabba?
2. Faɗi alamu uku na mataki na ɗaya.
3. A wane mataki magani ya fi aiki?

In ka gama, karanta wa maƙwabcinka da matan gida. Su ne ke fara ganin akuyar da ta bar dusa a kwano.