Filin Shawarwari: Shin Abinci Yana Tayar da Farfaɗiya?

Zuwa ga mai kula da filin shawarwari,

Mai wannan wasiƙa tana neman a warware mata wata tambaya da ta raba kan mutanen gidanta, wato ko akwai abincin da yake tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa. Ɗanta na fari yana da shekara 16, kuma shekara biyu ke nan da likita ya tabbatar masa da wannan ciwo, ya ɗora shi a kan ƙwayar Tegretol, wadda ya samu sauƙi da ita har aka fi shekara bai faɗi ba. Kwanan nan ciwon ya tashi sau biyu, duka da sassafe, kuma da yake na biyun ya biyo bayan daren da aka ci tuwo da miyar kuɓewa, Hajiya mahaifiyar maigida ta hana yaron kuɓewa da naman akuya da ƙwai da duk miyar da aka sa wa magi, baffansa kuma yana ganin maganin asibiti ya gaza, gara a koma na gargajiya. Yaron yana shirin jarrabawar WAEC, yana raba dare yana karatu da taimakon shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari, sannan ya yi sammako don gudun cunkoson hanya. Ya fara ramewa, kuma an ware masa kwanonsa daban da na ƙannensa. Mai wasiƙa ba ta son saɓa wa surukarta, ba ta kuma son a cutar da ɗanta, saboda haka take roƙon a haska mata hanya.

Wata uwa, Kubwa, Abuja

Amsa

Binciken likitanci bai nuna cewa kuɓewa ko naman akuya ko ƙwai ko magin miya suna tayar da farfaɗiya ba, saboda haka babu dalilin raba wannan yaro da cimar gidansu. Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wadda ƙwayoyinta suke aika wa juna saƙo ta hanyar ɗan ƙaramin lantarki, kuma idan tarin waɗannan ƙwayoyi suka saki lantarkin a lokaci guda fiye da ƙima, sai mutum ya fita hayyacinsa, ko ya sandare, ko jikinsa ya ɗauki jijjiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne suke ɗauke da ciwon, kuma har kashi 70 cikin 100 na su za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan an gano ciwon daidai an kuma ba su maganin da ya dace.

Zargin da ake yi wa abinci yana da tushe a ɗabi'ar ɗan Adam, domin duk wanda aka yi abin tashin hankali a gabansa yakan waiwayi abin da ya gabace shi, kuma abincin jiya shi ne mafi sauƙin tunawa. Sai dai gidan da ake kaɗa miyar kuɓewa sau biyu ko uku a mako dole ne wata rana tashin ciwon ya dace da daren da aka ci ta, alhali an manta da ɗimbin dararen da yaron ya ci ya kwana lafiya. Akwai dai wani nau'i da ba a cika samu ba, wanda likitoci suke kira farfaɗiyar cin abinci, kuma an fi ba da rahotonsa daga Sirilanka da Indiya, amma a cikinsa ciwon yana tasowa ne ana tsakar ci ko jim kaɗan da gamawa, wanda ya saɓa da halin wannan yaro da ciwonsa ke tashi da wayewar gari.

Abubuwan ci da sha da suka cancanci taka tsantsan kaɗan ne, kuma sanannu ne. Na farko shi ne kafeyin, wato sinadarin da ke korar barci, wanda ake samu a goro da kofi da shayi da lemon ƙara kuzari. Kaɗan daga gare shi ba ya cutar da yawancin masu ciwon, amma yawansa yana zaburar da ƙwaƙwalwa, ya kuma hana ta hutun da take bukata. Na biyu ita ce barasa, wadda haɗarinta ya fi tsanani a sa'o'in da take barin jiki. Na uku ita ce doguwar yunwa, musamman ga mai ciwon sukari da yake shan magani, domin sukarin jini idan ya yi ƙasa ƙwarai yana iya jawo jijjiga. Na huɗu ya shafi wannan yaro kai tsaye, shi ne garehul, babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci, wanda yake rage saurin sarrafa kabamazefin, wato sinadarin da ke cikin Tegretol, har maganin ya taru a jini ya jawo jiri da tangaɗi da gani biyu-biyu.

Ya kamata kuma a bambanta abincin yau da kullum da guba ko cutar da kan shiga jiki ta baki. A 1998 yara 29 suka rasu a Burkina Faso, aka danganta mutuwarsu da cin ɗanyen 'ya'yan gwanja kusa, waɗanda gubarsu take karya sukarin jini. A 2010 gubar dalma daga sarrafa dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara, da yawansu bayan jijjiga mai tsanani. Haka nan ƙwan tsilar alade yana iya shiga ta ruwa ko ganyen da bayan gida ya gurɓata, ko da mutum bai taɓa cin naman ba, ya zama ƙulli a ƙwaƙwalwa ya haddasa farfaɗiya. Rigakafin wannan tsila shi ne tsafta da ruwa mai kyau.

Wasiƙar da kanta ta ambaci abin da ya fi dacewa a tuhuma, kuma barinsa a bi ta kan kuɓewa barin jaki ne a bugi taiki. Rashin barci yana cikin manyan abubuwan da suke tayar da ciwon, kuma yaron da yake karatu har tsakar dare sannan ya tashi da asuba don ya riga cunkoson hanyar Kubwa ya haɗa ƙarancin barci da yawan kafeyin da fargabar jarrabawa. Wani babban abin da yake tayar da ciwon shi ne tsallake shan magani, sai zazzaɓi irin na cizon sauro, sai wasu ƙwayoyi kamar tiramadol. Jikin matashi kuma yana girma, ta yadda adadin maganin da ya ishe shi yana da shekara 14 zai iya gaza masa yanzu. Akwai wani nau'in farfaɗiyar samari da yake tashi bayan farkawa daga barci, wanda alamarsa ita ce fizgar hannu da safe har kofi ko buroshi ya suɓuce, kuma kabamazefin yana iya tsananta shi, saboda haka idan an taɓa ganin wannan fizga wajibi ne a sanar da likita.

Tsarin abinci ɗaya da aka tabbatar yana rage faɗuwa shi ne wanda ake kira abincin kito, da likita Russell Wilder ya gabatar a asibitin Mayo na Amurka a 1921, inda ake yawaita mai a rage hatsi da sukari ƙwarai. A wani gwaji da aka yi a Ingila, aka wallafa a 2008, kashi 38 cikin 100 na yaran da suka bi shi faɗuwarsu ta ragu da fiye da rabi cikin wata uku. Ana tanadinsa ne ga wanda magunguna suka kasa, ƙarƙashin kulawar likita da masanin abinci, kuma ba abin da za a gwada a gida ba ne.

Shawarar wannan fili ita ce a mayar da yaron ga likitansa ba da jinkiri ba, ko a nemi takardar turawa zuwa likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, inda likita zai duba nauyinsa da adadin maganinsa, ya kuma yanke ko ana bukatar gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa da ake kira EEG. Kafin nan a buɗe littafi a riƙa rubuta lokacin barci da na shan magani da abin da aka ci da ranar da ciwon ya tashi, domin wannan rubutu zai nuna ko akwai wani abincin da yake maimaituwa. A mayar da karatu zuwa yamma, a bar lemon ƙara kuzari, a sayi magani mai lambar NAFDAC a kantin da aka amince da shi. Kada a dakatar da ƙwayar bisa shawarar baffa, domin yanke ta farat ɗaya yana iya jawo faɗuwar da ba ta tsayawa, wadda takan kai ga rasa rai.

Game da Hajiya, ƙaunar jikanta ce ta sa ta hana, don haka ya fi kyau maigida ya yi mata bayani cikin ladabi, a kuma tafi da ita asibiti ta ji daga bakin likita, sannan a danƙa mata kula da lokacin maganin yaron da na kwanciyarsa. A sanar da kowa a gidan cewa ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau ko kwano, saboda haka yaron ya koma ci tare da ƙannensa. Idan ciwon ya tashi a kwantar da shi a gefensa, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa ruwa ko manja, kuma idan jijjigar ta wuce minti 5 a garzaya da shi asibiti mafi kusa. Allah ya ba shi lafiya, ya ba shi sa'ar jarrabawa.