Yadda Ake Loda Tsohuwar Libarbar Kaboyi

Duk wanda ya taso yana kallon fina-finan kaboyi ya san wannan bindiga ko bai san sunanta ba. Ita ce Colt ta 1873, wadda aka ƙera a garin Hartford na Amurka, sojojin ƙasar kuma suka riƙe ta har zuwa 1892. Halinta ɗaya ne: kunamarta ba ta yin komai sai sakin guduma. Kafin kowane harbi sai ka ja gudumar baya da babban yatsa. Jan nan shi ke juya gangar harsashi mai gurbi shida, ya saita sabon gurbi da bututun bindigar. Idan ka ja a hankali za ka ji ƙas sau huɗu.

Da farko ka juya bakinta inda ba kowa, yatsanka kuma nesa da kunama. Ja guduma zuwa ƙas na biyu, wato rabin ɗani. A nan ganga ke sakewa, ta riƙa juyawa da hannu. A gefen dama, bayan gangar, akwai 'yar ƙofa. Ture ta ta buɗe. Gurbi ɗaya kawai take nunawa a lokaci guda, don haka aikin na mai haƙuri ne. Duba gurbin shida kaf. In da kwanso a ciki, akwai ɗan tsinken ƙarfe a ƙarƙashin bututu, tura shi baya ya fito da shi.

Sai lodi, kuma nan ne masana suka bambanta da 'yan koyo. Gurbi shida ne, amma biyar ake cikawa. Sa harsashi ɗaya, tsallake gurbi na gaba, sannan ka sa huɗu a jere. Rufe ƙofar, ja guduma har ƙarshe, riƙe ta gam da babban yatsa, taɓa kunama, ka sauke ta sannu a hankali. Za ta kwanta kan gurbin da ka bari wayam.

Dalili kuwa, allurar da ke fasa harsashi a jikin gudumar take. Idan ta kwanta kan harsashi mai rai, bindigar ta suɓuce ta faɗi a kan gudumar, tana iya tashi da kanta. Akwai ɗan maƙalin tsaro a ƙas na farko, amma ƙarfensa siriri ne, bugu mai ƙarfi yana iya karya shi. Ni dai ba zan jingina ƙafata a kansa ba. Kamfanin Ruger ya magance wannan matsala a nasa samfurin a 1973, da wani ƙarfe da ke isar da bugun guduma ga allura, wanda ba ya shiga tsakaninsu sai an ja kunama.

Bindigogin Colt da aka ƙera kafin 1900 don baƙin albarushi aka yi su. Harsashin zamani mai ƙarfi yana iya tarwatsa gangarsu. Irin wannan, maƙerin bindiga ya fara duba ta kafin a sa mata komai.