Sirri da Amana a Ƙofar Ma'aikata: Riƙon Bayanan Shiga da Fita na Ma'aikatan Gwamnati

1.0 Gabatarwa

Duk ma'aikacin gwamnati da ya isa wurin aikinsa da safe yakan bar wata alama a ƙofa kafin ya zauna a kujerarsa. Wani ya nuna wa mai gadi katin shaida, wani ya sa hannu a littafi ya rubuta lokacin da ya iso, wani kuma ya ɗora yatsa a kan na'ura. Idan waɗannan alamomi suka taru, su ne ake kira bayanan shiga da fita. Wannan babi zai yi tsokaci a kan ma'anarsu, da abin da suke iya tonawa game da mai su, da matsayinsu a doka, da kuma yadda ya kamata a riƙe su. An ɗauki garin Jahun na Jihar Jigawa a matsayin misali. Batun ya shafi ɗalibi mai neman zama malami ta fuska biyu: da farko shi zai riƙa sa hannu a littafin halarta, daga baya kuma, idan ya zama hedimasta, a hannunsa littafin zai kwana.

1.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kalmomi uku ne ginshiƙin wannan nazari, kuma dukkansu Hausa ta aro su daga Larabci. Ta farko ita ce sirri, wato abin da mai shi ba ya so ya fita fili. Ta biyu ita ce asiri, wadda ta fi fitowa a cikin maganganu irin su rufin asiri da tonon asiri. A nan abin da ake nufi shi ne mutunci, domin wanda asirinsa ya tonu ya rasa kwarjini a idon jama'a. Ta uku ita ce amana, wato abin da aka ba mutum ajiya bisa yarda, wanda za a tambaye shi yadda ya yi da shi. Bayanin da ma'aikaci ya bari a ƙofa sirrinsa ne, kiyaye shi rufin asiri ne, wanda aka damƙa wa littafin kuwa mai riƙon amana ne.

1.2 Ƙofa a Al'adar Bahaushe

Tsaron ƙofa daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Baƙo namiji yakan tsaya a zaure ya yi sallama, ba ya wucewa cikin gida sai da izini, har akan rubuta "ba a shiga" a bangon gidan da akwai matan aure. Biranen da ke da ganuwa, irin su Kano da Katsina da Zariya, suna da masu tsaron ƙofofi, kuma akan rufe ƙofofin da dare. Addini ya ƙarfafa wannan al'ada: aya ta 27 ta Suratun Nur ta yi umarni da neman izini kafin shiga gidan wani, aya ta 12 ta Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin sirrin mutane.

Sai dai akwai bambanci tsakanin da da yanzu. Mai tsaron ƙofa na da a ka yake riƙe abin da ya gani, kwana kaɗan ya manta. Littafi kuwa ba ya mantuwa, kuma kowa ya buɗe zai karanta. Kwamfuta ta fi littafi, domin cikin ɗan lokaci za a iya kwafe bayanan shekara guda a aika da su wani gari ba tare da mai su ya sani ba.

2.0 Ire-iren Bayanan da Ake Tarawa

Jahun hedikwatar ƙaramar hukuma ce, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa, jihar da aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta, 1991. A garin akwai sakatariyar ƙaramar hukuma, da hukumar ilimi da ke kula da makarantun firamare, da makarantar horar da ma'aikatan lafiya, da babban asibiti inda ƙungiyar likitoci ta MSF take taimakawa wajen haihuwa da aikin yoyon fitsari tun 2008. Ma'aikatu irin waɗannan, a Jahun ko a wani gari, sukan tara bayanan ƙofa ta hanyoyi kamar haka:

(i) Littafin halarta, inda ma'aikaci ke rubuta suna da lokacin zuwa da na tashi, ya sa hannu.
(ii) Littafin fita, inda ake rubuta wurin da za a je da dalili idan za a bar ofis a lokacin aiki.
(iii) Littafin baƙi, mai ɗauke da suna da lambar waya da sunan wanda aka zo gani.
(iv) Katin shaida, mai hoto da lambar ma'aikaci da sashen da yake aiki.
(v) Na'urar ɗaukar zanen yatsa ko hoton fuska, wadda ke ajiye lokacin shigar kowa a kwamfuta.

Hanya ta biyar ta ƙara yaɗuwa ne saboda matsalar ma'aikatan bogi. Tun 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara tsarin biyan albashi na IPPIS, wanda ya ƙunshi ɗaukar hoto da zanen yatsan ma'aikata, jihohi da dama kuma suka riƙa tantance nasu ma'aikatan ta irin wannan hanya.

2.1 Abin da Bayanan ke Tonawa

Layi ɗaya a littafi ba ya faɗin abu mai yawa. Haɗarin yana cikin taruwar layukan. A ɗauka cewa wata malama tana rubutawa a littafin fita duk ranar Talata cewa za ta asibiti. Wanda ya bi shafukan wata uku zai gane tana zuwa awon ciki ne ko karɓar magani, alhali ita ba ta faɗa wa kowa ba. Jadawalin ma'aikaciyar jinya mai aikin dare yana nuna dararen da ba ta gida, da sa'ar da take bin hanya ita kaɗai. Littafin baƙi da aka bari a buɗe a kan tebur yana ba kowane baƙo lambobin wayar waɗanda suka riga shi zuwa. A asibiti abin ya fi tsanani, domin idan aka rubuta sunan ɗakin da baƙo zai shiga, an faɗi ciwon mara lafiyarsa ke nan, kuma larura irin ta yoyon fitsari tana jawo wa mace tsangwama a cikin jama'a.

Haka kuma bayanan suna iya zama makami a cikin ofis. Shugaban da ke jin haushin wani na ƙasa da shi yana iya tsince ranakun da ya makara ya ba shi takardar tuhuma, ya kau da kai daga wasu da suka fi shi makara. Bayanin da ba daidai ba ma yana cutarwa: idan wuta ta ɗauke ko na'ura ta kasa karanta yatsan wanda noma ya goge masa zane, sai a rubuta bai zo ba, a taɓa albashinsa.

3.0 Matsayin Doka

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa kariyar sirrinsa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa na waya. A 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, sannan a watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman don sa ido a kan lamarin. Dokar ta shafi ma'aikatun gwamnati kamar yadda ta shafi kamfanoni, ko da yake ta sassauta wasu sharuɗɗa ga hukumomin da ke binciken laifi da tsaron ƙasa.

Daga cikin abin da dokar ta shimfiɗa akwai cewa a tara bayani don manufa bayyananniya, kada a karkatar da shi ga abin da ya saɓa mata; a karɓi gwargwadon buƙata kawai; a tabbatar bayanin daidai ne; kada a riƙe shi fiye da lokacin da ake buƙatarsa; a kuma tsare shi daga ɓata da sata. Ta sanya zanen yatsa da bayanan lafiya da na addini da ƙabila da zama ɗan ƙungiyar ƙwadago cikin bayanai masu buƙatar ƙarin kariya. Mai bayani yana da haƙƙin ganin abin da aka ajiye a kansa, da neman a gyara kuskure, da ƙin yarda a yanke masa hukunci mai nauyi bisa lissafin na'ura kaɗai ba tare da mutum ya duba ba. Idan bayanai suka fita ta yadda masu su za su iya cutuwa, wajibi ne a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72.

3.1 Tsakanin Sirri da Haƙƙin Jama'a

Ma'aikacin gwamnati da kuɗin jama'a ake biyan sa, saboda haka jama'a suna da haƙƙin sanin ko yana zuwa aiki. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu na 2011, ta ba kowa damar neman bayani daga ma'aikatar gwamnati, a ba shi amsa cikin kwana 7, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta shafi jihohi. Dokar ta umarci ma'aikatu su bayyana sunayen ma'aikatansu da muƙamansu da albashinsu da ranar da aka ɗauke su aiki. Amma sashe na 14 ya hana fitar da fayil ɗin ma'aikaci da bayanansa na ƙashin kai, sai da yardarsa, ko kuma idan maslahar jama'a ta rinjayi sirrin nasa.

Ke nan ba a fakewa da sirri don ɓoye ma'aikacin bogi ko malamin da ya bar yara babu darasi. Iyayen yara suna iya neman sanin malamai nawa makaranta take da su, da yawan kwanakin da aka rasa darasi a zango. Dalilin da ya sa wata malama take zuwa asibiti kuwa tsakaninta ne da shugabanta.

4.0 Ƙa'idojin Riƙon Bayanai

Na farko, a sanar da ma'aikata abin da ake tarawa, da dalili, da wanda zai gani. Na biyu, a rage abin da ake tambaya. A littafin fita ya isa a rubuta "da izini", cikakken dalili ya tsaya wurin shugaba. Na uku, a taƙaita masu duba littafi: shugaban ma'aikata, da jami'in mulki, da mai binciken da hukuma ta turo da takarda. Ba a yarda kowa ya ɗauki hoton shafi da waya ya tura dandalin WhatsApp ba, ko da niyyar kunyata masu makara ne.

Na huɗu, a kula da wurin ajiya. Jahun tana yankin kwarin kogin Haɗeja, inda ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a 2020 da 2022, don haka littafin da aka jibge a ƙasa yana fuskantar ruwa da danshi da gara. Wurinsa kabad ne mai makulli, a ɗaga shi daga ƙasa. Kwamfuta kuma a sa mata lambar sirri, kowane jami'i da tasa, a soke ta wanda aka yi wa canjin wurin aiki, a karɓe katin wanda ya yi ritaya. Zanen yatsa ya fi kowane bayani buƙatar tsaro, domin lambar sirri ana canza ta, yatsa kuwa ba a canza shi. A 2015 aka gano cewa an yi kutse a kwamfutocin hukumar kula da ma'aikatan Gwamnatin Amurka, aka kwashe bayanan mutum miliyan 21.5, ciki har da zanen yatsan mutum miliyan 5.6.

Na biyar, a tsayar da wa'adin ajiya. Idan littafi ya cika kuma wa'adinsa ya ƙare, a bi ƙa'idar ma'aikata: abin da ya cancanci adanawa a kai shi ma'ajiyar tarihi, saura a ƙone a gaban shaida. Tsofaffin takardun ofis da yawa sukan ƙare wurin masu ƙosai da masu tsire ana ƙunshe kaya da su, da sunayen mutane da lambobinsu a jiki. Na shida, kafin a hukunta ma'aikaci bisa abin da littafi ko na'ura ta nuna, a nuna masa, a saurari bayaninsa.

5.0 Kammalawa

An ga cewa bayanan shiga da fita suna da amfani wajen tsaro da tabbatar da zuwa aiki, kuma idan suka taru suna bayyana lafiyar ma'aikaci da zirga-zirgarsa da mu'amalarsa. Al'ada da addini da doka sun haɗu a kan cewa abin da aka karɓa a ƙofa don wata manufa, a tsaya a kan wannan manufa. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Malamin da aka damƙa wa littafin halarta ana sa ran ya san wanda zai nuna wa, da inda zai ajiye shi, da ranar da zai rabu da shi.

6.0 Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin sirri da asiri da amana, tare da kawo jimla ɗaya ga kowace kalma.
2. Kawo hanyoyi biyar na tara bayanan shiga da fita, ka bayyana haɗarin biyu daga ciki.
3. Waɗanne haƙƙoƙi dokar 2023 ta ba ma'aikaci game da bayanansa?
4. Wani uba ya nemi ganin littafin halartar malamai. Rubuta masa wasiƙar amsa a matsayinka na hedimasta, ka nuna abin da za a iya ba shi da abin da ba za a iya ba.