Darasin Kimiyya: Yadda Injin Mota Yake Numfashi

Ɗalibai, ku natsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Abuja zuwa Kaduna, a gindin Dutsen Zuma, ya ji gurnanin tankar da ta yi lodin mai a Suleja idan ta kama hawa. Yau za mu nemo inda ƙarfin nan yake fitowa, kuma motocin alfarma na farko ne za su yi mana jagora.

Mu fara da tushe. Inji mai bugu huɗu, wanda Nikolaus Otto na Jamus ya kammala a 1876, aiki huɗu yake maimaitawa: fistin ya zuƙo iska da fetur, ya matse su, fulogi ya ba da wuta, sannan hayaƙi ya fita. Ku riƙe wannan da kyau: kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar iska wajen kilo 15 kafin ya ƙone sarai. Ƙara mai abu ne mai sauƙi, samun iskar ne wahala. Kun dai ga murhu, ko an cika shi da itace, in ba a fifita ba sai hayaƙi.

Ku ɗauki Rolls-Royce Silver Ghost ta Ingila, wadda ta yi suna a 1907. Silinda 6 gare ta, kowace da fulogi biyu. Da farko ƙarfin doki 48 take bayarwa. Henry Royce da ma'aikatansa suka faɗaɗa cikin injin daga kimanin lita 7 zuwa 7.4, suka girka kafireto babba, suka ƙara matsin da fistin yake yi. A 1911 aka tuƙa ɗaya daga Landan zuwa Edinbura ba a sauko daga giyar ƙarshe ba. Kafin a daina ƙera ta, ƙarfinta ya kai doki 80. Ni abin da ya fi burge ni shi ne duk da wannan ƙari ba ta koyi hayaniya ba.

Amma dutse ya taɓa kunyata ta. A gasar tsaunukan Ostiriya ta 1912, wata Silver Ghost mai giya 3 ta kasa hawan tudun Katschberg. Ga hawan da tsayi, ga shi kuma iskar tudu ba ta da kauri: duk hawan mita 300 yana rage wa inji kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa. Shekara ta zagayo, mutanen Rolls-Royce suka komo da giya 4, suka yi fice.

Kamfanin Daimler ya bi ta wata hanya. A 1921 ya nuna Mercedes mai na'urar da take tura iska cikin inji da ƙarfi. Ba baƙon abu ba ne a wurinku. Ku leƙa maƙera, ku ga yadda zugazugi yake sa gawayi ya ja ƙarfe ya yi jawur. Hikimar ke nan, sai dai injin ne yake zuga kansa.

Gobe kowa ya zo da sirinji marar allura. Za mu toshe bakinsa da yatsa mu danna, ku ji da hannunku yadda iska take turjiya idan an matse ta.